Tambaya: Hafsan da aka nutsar da jirginsa, jarumi ne ko mai sakaci?

Abu Safwan, Zariya

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Tambayata ta samo asali ne daga gardamar da muka yi da ƙanena a daren jiya, kuma na ga ya dace in kawo ta nan tunda akwai masana tarihi a cikinmu. Yaron yana shirin neman gurbi a makarantar horas da hafsoshin soja da ke Kaduna, burinsa kuma ɓangaren sojan ruwa ne, shi ya sa kwanakin nan ba shi da wata hira sai ta jirage da yaƙin teku. A cikin hirar ne ya kawo mini labarin John F. Kennedy, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, da ƙaramin jirgin yaƙinsa mai lamba PT-109, wanda wani babban jirgin Japan ya bi ta kansa ya tsaga shi a watan Agusta na 1943, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

Shi ƙanen nawa gwarzo yake ganin Kennedy, ni kuwa na ce masa abin bai kwanta mini ba. Jirgin da aka ƙera domin gudu, mai injina uku, wanda aikinsa shi ne ya yi kwanton ɓauna ya kai hari ya tsere, ta yaya katafaren jirgi zai zo har ya take shi, mutum biyu su rasa rayukansu, sannan a ɗauki lambar yabo a maƙala wa kwamandan? A wurinmu idan direba ya kifar da mota ba a yi masa kirari, ko da shi ne ya zaro fasinjoji daga baya. Na ƙara masa da cewa ina zargin da ba ɗan attajiri ba ne, wanda mahaifinsa ya taɓa riƙe jakadancin Amurka a Ingila, da a gaban kotun soja zai tsinci kansa. Ina roƙon wanda ya san labarin ya warware mana, kuma ya gaya mana da wane ma'auni ake auna hafsan da ke jagorantar irin waɗannan ƙananan jirage a lokacin yaƙi.

Tsohon Malami, Kano

Wa'alaikumus salam, Malam Abu Safwan, Allah ya ba yaron sa'a. Wannan zargi ba kai ka fara shi ba, domin tun Kennedy yana raye akwai masu faɗinsa, amma kafin a yanke hukunci yana da kyau a san irin jirgin da kuma irin daren.

Jiragen da ake kira PT na katako ne, tsawonsu ƙafa 80, wato kimanin mita 24, babu sulke a jikinsu, cikinsu kuma maƙare yake da galan 3,000 na man jirgin sama, wanda tartsatsi ɗaya ya isa ya tayar da gobara a cikinsa. Babban makaminsu shi ne tofido guda huɗu, wato bam ɗin da ake harbawa ya bi ta cikin ruwa, kuma irin wanda aka ba su tsohon yayi ne, sau da yawa ya kauce ko ya ƙi fashewa. A daren 1 ga Agusta 1943, jirage 15 irin wannan suka tashi daga sansanin Rendova a Tsibiran Solomon, domin su tare jiragen Japan huɗu da ke kai sojoji da kaya tsibirin Kolombangara ta mashigin Blackett. Huɗu ne kawai daga cikinsu suke da na'urar rada mai gano jirage ko a cikin duhu, kuma waɗannan huɗun da suka gama harba tofidonsu sai suka koma sansani, suka bar sauran suna lalube a cikin duhu. An harba tofido kimanin 30 a daren, ko ɗaya bai sami komai ba. Ke nan tun kafin a zo kan Kennedy, tsarin daren gaba ɗaya ya riga ya wargaje daga sama.

Game da batun gudu, Kennedy yana tafiya ne da inji ɗaya a hankali, kuma yana da dalili. Ruwan wannan yanki yana ƙyalli da dare idan farfela ta kaɗa shi, jiragen saman Japan kuma wannan farin layin suke bi su jefa bam. Daren babu farin wata. Wajen ƙarfe biyu, jirgin Japan mai suna Amagiri ya taso a guje yana komawa gida, kuma tsakanin ganinsa da karon bai wuce daƙiƙa goma ba. Biyu daga mutanen Kennedy, Andrew Kirksey da Harold Marney, suka mutu nan take, man ya kama da wuta a kan ruwa, sauran jiragen da ke kusa kuma suka ɗauka babu wanda ya tsira, suka tafi abinsu.

Abin da ya biyo baya shi ne aka ba Kennedy lambar yabo a kai. Saurayi ɗan shekara 26, mai fama da ciwon baya tun kafin yaƙin, ya yi ta iyo yana tattaro mutanensa har su goma sha ɗaya suka hallara a kan guntun gaban jirgin da bai nutse ba. Da gari ya waye ba a zo nemansu ba, ga sansanonin Japan a kewaye, ya tambaye su ko a yi faɗa ko a miƙa wuya, yana mai cewa wasunsu suna da mata da 'ya'ya, shi kuwa ba shi da abin da zai rasa. Da rana ta yi, guntun ya fara nutsewa, sai ya zaɓi wani ɗan mitsitsin tsibiri da babu kowa a kansa, mai nisan kimanin kilomita biyar da rabi. Waɗanda ba su iya iyo sosai ba suka riƙe wani katako da aka ɗaure bindiga da shi a kan jirgin, suka ɗora fitila da takalmansu a kai suna turawa. Shi kuma ya ɗauki Patrick McMahon, mai kula da inji, ɗan shekara 37, wanda wuta ta ƙone wa fuska da hannuwa har ba ya iya motsa su, ya kama igiyar rigar ceton McMahon da haƙoransa, ya ja shi a bayansa na tsawon awa huɗu ko fiye. Duk wanda ya taɓa yin iyo a rafi na minti goma ya san abin da wannan yake nufi. Bayan kwana biyu ya sake jan mutumin haka zuwa tsibirin Olasana inda akwai kwakwar Attagara, domin na farkon babu ruwan sha babu abinci. A ranar 8 ga Agusta jirgin PT-157 ya kwashe su, dukkansu goma sha ɗaya da ransu.

Ɗan Sarkin Ruwa, Yawuri

Allah ya ƙara wa Malam lafiya, bayani ya yi kyau. Ni ban yi karatun tarihi ba, amma a cikin jirgi na tashi, mahaifina ya yi shekaru yana fito a kogin Kwara, don haka ina so in ƙara abu biyu, ɗaya a kan Malam Abu Safwan, ɗaya kuma a kan Malam.

Na farko, wanda bai taɓa shiga ruwa a daren da babu wata ba, ba zai gane duhunsa ba. A kan tudu ko babu fitila kana ganin inuwar bishiya da ta gini, amma a tsakiyar ruwa sama da ƙasa haɗewa suke su zama abu ɗaya, kuma ƙarar injinka takan toshe maka kunne daga jin na wani. Jirgin da yake tafiya a hankali kuma ba ya jin sitiyari da wuri, sai ya ɗauki gudu tukuna yake juyawa yadda ake so. Idan daƙiƙa goma ce da gaske, to ko wane ne a kan sitiyarin, abin da zai faru ke nan. Kwatanta shi da direban mota bai yi daidai ba, Malam Abu Safwan, domin direba yana da birki da fitila da titi.

Na biyu kuwa, akwai wani ɓangare da Malam ya tsallake, kuma a nan ne nake da ja. A daren da suka isa tsibirin farko, Kennedy ya bar mutanensa a hannun mataimakinsa Leonard Thom, ya ɗauki fitila ya sake faɗawa ruwa shi kaɗai zuwa mashigin Ferguson, wai ko zai tare wani jirginsu da ke sintiri. Babu jirgin da ya zo, igiyar ruwa ta yi ta yawo da shi har gari ya waye, ya dawo a galabaice yana amai, bai iya tsinana komai ba a wannan yinin. Mutane suna kiran wannan jarumta, kuma ban musa cewa sai mai ƙarfin zuciya zai yi ba, amma ni a ganina ganganci ne ga wanda rayukan mutum goma suke wuyansa.

Ina ɗan shekara goma sha uku injinmu ya taɓa mutuwa a tsakiyar kogi bayan magariba, ranar kasuwa, da fasinjoji da buhunan hatsi da awaki, ruwa kuma yana shigowa ta wata ɓaraka a ƙasa. Wani saurayi ya tuɓe riga ya ce zai yi iyo zuwa gaɓa ya kira taimako, mahaifina ya daka masa tsawa ya zaunar da shi. Shi kansa bai tashi daga mazauninsa ba. Ya miƙa mini ƙwarya ya ce in yi ta kwarfar ruwa, ya ce wa mata kada wadda ta miƙe, ya sa aka jefar da buhu shida, sannan ya ɗauki filafili ya karkata mu a hankali muka bi ruwa har muka dafe wani yashi. Muryarsa ba ta canza ba daga farko har ƙarshe, kuma wannan muryar ce ta hana mutane rinjayar da jirgin gefe ɗaya. Da ya bar mu ya tafi neman taimako, ko da niyyarsa ta alheri ce, da babu wanda zai ba da labari.

Injiniya Mai Ritaya, Kaduna

Ɗan Sarkin Ruwa ya taɓo ainihin wurin da maganar take, kuma ina ganin akwai mutumin da labarinsa ya fi na Kennedy amsa tambayar ma'auni, sai dai shi bai zama shugaban ƙasa ba, saboda haka ba a cika jin sunansa ba. Sunansa Robert Hichens, Bature ɗan Ingila, lauya ne a yankin Cornwall kafin yaƙi, mai sha'awar tseren mota da na ƙananan jiragen ruwa, ya shiga rundunar ruwa ta 'yan sa kai. Lambar yabonsa ta farko a Dunkirk ya same ta a 1940, lokacin da ake kwashe sojojin Birtaniya daga gaɓar Faransa, kuma abin sha'awa, jirgin share nakiyoyin da yake aiki a cikinsa a lokacin sunansa HMS Niger.

Daga nan aka mayar da shi ƙananan jirage masu bindiga, waɗanda aikinsu shi ne farautar jiragen Jamus masu harba tofido da ke addabar jiragen kaya a gabashin Ingila. Na Jamus sun fi girma, kuma da man dizal suke aiki, na Ingila kuwa da fetur, wanda yake nufin harsashi ɗaya a tanki zai iya mayar da jirgi murhu. Hichens ya yi ta kai ruwa rana da manyansa har aka ƙara wa jiragen manyan bindigogi, kuma ya shahara da dabarar zuwa kusa da gaɓar abokan gaba a kashe inji a yi tsit, ana sauraron ƙarar jiragen Jamus idan suna dawowa gida gab da asuba, lokacin da suka saki jiki. A watan Nuwamba na 1941, da jirage biyu kacal, ya auka wa ayarinsu a kusa da gaɓar Holan, har Jamusawa suka gudu suka bar jirginsu ɗaya mai lamba S-41, mutanensa suka hau suka kwashe abin da za su iya kafin ya nutse.

A irin wannan jirgi hafsa ba shi da ɗakin da zai fake ya ba da umarni ta waya. A tsaye yake a buɗaɗɗen wuri, kafaɗa da kafaɗa da mai sitiyari, harsashin da zai sami ƙaramin soja shi ne zai same shi, kuma mutanensa suna kallon fuskarsa. Shi ya sa tsoro ko natsuwar kwamanda yake yaɗuwa a cikin jirgin nan da nan, kamar yadda ɗan'uwanmu ya kwatanta da mahaifinsa.

Abin da ya sa na kawo shi shi ne abin da ya faru a ƙarshen watan Fabrairu na 1943. A wani artabu da dare, jirgi ɗaya daga cikin ayarinsa, mai lamba 79, ya kama da wuta, hasken gobarar ya tona asirin duk abin da ke kusa, Jamusawa kuma suna ta ɓarin wuta. Hichens ya tsayar da jirginsa a cikin wannan hasken yana tsamo mutane daga ruwa, har sai da nasa jirgin ma ya kama da wuta sannan ya janye. Aka rubuta sunansa domin a ba shi Victoria Cross, lambar da babu wadda ta fi ta a Birtaniya. Da ya sami labari sai ya nemi a janye, domin a ganinsa ya jefa jirage biyu da mutanen cikinsu a haɗari saboda son ceton abokansa. Wato shi da kansa ya raba abin gida biyu, ya ce zuciyarsa ta yi daidai amma lissafinsa na kwamanda yana da aibi. An kashe shi a daren 12 zuwa 13 ga Afrilu 1943, yana ɗan shekara 34, a daidai lokacin da suke janyewa daga wani faɗan. Bayan mutuwarsa aka sake gabatar da sunansa, hukuma ta ƙi, kuma hujjar da ta kafa ita ce wadda shi ya bayar da bakinsa. Har yau ban gama yanke wa kaina ko sun yi masa adalci ba.

Maman Iklima, Damagaram

Malamai, na karanta duka, kuma ina neman afuwa in ce an manta da mutum biyu waɗanda ba don su ba da babu wani labari. Sunayensu Biuku Gasa da Eroni Kumana, samari 'yan asalin tsibiran, masu leƙen asiri a cikin kwale-kwale ƙarƙashin wani hafsan Ostareliya mai suna Reginald Evans, wanda ya ɓoye a kan tsibirin Kolombangara yana lura da zirga-zirgar Japanawa. Evans ya hango wutar a daren, shi ya tura su dubawa. Su ne suka gano mutanen, kuma a kan ɓawon kwakwa Kennedy ya karce saƙonsa da wuƙa, yana cewa mutum goma sha ɗaya suna raye, ɗan ƙasa ya san wurin kuma zai iya nuna hanya, ana bukatar ƙaramin jirgi. Suka ɗauki ɓawon tare da wasiƙar da Thom ya rubuta da fensir, suka tuƙa kwale-kwalensu sama da kilomita 50 a cikin ruwan da Japanawa suke sintiri, alhali sun san abin da za a yi musu idan aka kama su da rubutun Turanci. Ba su da albashin hafsa, ba su da kaki, kuma yaƙin ba nasu ba ne, ya zo ya same su ne a gida, kamar yadda ya zo ya kwashi kakanninmu zuwa ƙasar Bama da ke Asiya.

Kennedy dai bai manta ba, ya ajiye ɓawon a kan teburinsa a fadar shugaban ƙasa. An ruwaito cewa an gayyace su bikin rantsar da shi a 1961, amma jami'an mulkin mallaka suka hana su tafiya saboda ba sa jin Turanci. Gasa ya rasu a 2005, Kumana kuma a 2014. Idan za a koya wa yaron jagoranci daga wannan labari, to a haɗa masa da cewa hafsan ya amince da mutanen da suka fi shi sanin ruwan, har ya kwanta a ƙasan kwale-kwale aka rufe shi da ganyayyaki aka wuce da shi zuwa wurin Evans.

Tsohon Malami, Kano

Hajiya ta yi gaskiya, kuma na karɓi gyara. Ɗan Sarkin Ruwa ma ban ƙi maganarsa ba, sai dai in tuna masa cewa McMahon yana kwance da ƙuna, babu magani babu ruwan sha, kuma sansani ya riga ya ɗauka sun mutu, don haka zama wuri ɗaya ma wata irin caca ce. Game da zargin Malam Abu Safwan kuwa, rabinsa gaskiya ne. Lambar da aka ba Kennedy ta ceton rai ce, wadda ake kira Navy and Marine Corps Medal, ba a ba shi ta nasarar faɗa ba, kuma shi kansa da aka tambaye shi yadda ya zama gwarzo, cewa ya yi ba da son ransa ba ne, jirginsa aka nutsar. Amma yayata labarin aikin gidansu ne, domin wata mujalla ta buga shi a 1944, kuma an rarraba kwafensa ga masu zaɓe lokacin da ya tsaya takarar majalisa a 1946. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne bai koma gida nan da nan ba, ya karɓi wani jirgin mai lamba PT-59, kuma a farkon Nuwamba na 1943 ya shiga cikin waɗanda suka kwaso sojojin Amurka da Japanawa suka rutsa a gaɓar tsibirin Choiseul, ɗaya daga cikinsu ma a kan gadon Kennedy ya cika.

Abu Safwan, Zariya

Na gode, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na janye maganar direba da kotun soja, amma a kan batun shiga mashigin Ferguson shi kaɗai ina tare da Ɗan Sarkin Ruwa, ƙanena kuma yana tare da Malam, don haka gardamar ta koma sabon wuri. Na ba shi wayata ya karanta labarin Hichens sau biyu, kuma tambayar da ya yi mini ita ce mutum nawa aka samu tsamowa daga jirgi mai lamba 79 kafin a janye. Injiniya, idan akwai ƙarin bayani a kan wannan daren, muna sauraro.